Mutumin da Ya Wanke Duwatsun Kifinsa

'Yan'uwana malaman makarantar Lahadi, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ce Afiniki Irimiya, wadda aka fi sani da Maman Liyatu, mai koyar da ajin tsakiya. Kwanaki ke nan ina yawo da wata damuwa. A kan 'yata ce, Liyatu. Tun da muka tashi daga gidan haya a Tudun Wada muka koma namu gidan can bayan Bukuru, yarinyar nan ta canza. Ba ciwo take yi ba, na kai ta asibiti an duba an ce lafiyarta ƙalau. Amma ta rame, ta yi shiru, abinci ma sai na tsaya a kanta. Yanzu kuma an kawo mini wata shawara a kanta, dole in ba da amsa ran Lahadi mai zuwa, ni kuwa na rasa ta cewa.

Ana cikin haka ne shugabanmu ya ce kowane malami ya rubuto misali ɗaya da za mu riƙa koya wa yara. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ban gama sakandare ba, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Na zauna in rubuta na makiyayi ko na manomi kamar yadda muka saba, amma wani labari da ƙanina Istifanus ya ba mu da Kirsimeti ya ƙi barin kaina. Shi aikin gilashi yake yi a Legas, yana shiga gidaje iri-iri. Daga labarinsa na ƙulla wannan misali. Idan za ku koyar da shi, ku fara gaya wa yara cewa akwai mutanen da suke ajiye kifi a gida don kallo kawai, ba don miya ba. 'Yan ajina da na gaya musu haka, sai da suka yi dariya har da kwanciya a kan benci.

Ga misalin.

Akwai wani mutum a wani gari na bakin teku, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki biyu na haya. A kusurwar ɗakin yana da wani ƙaramin akwati na gilashi, tsawonsa bai wuce hannu ba, cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai 'yan kifaye kaɗan masu launi, da murjani mai rai, wanda yake buɗewa a cikin ruwa kamar fure idan an kunna masa fitila. A ƙasan akwatin kuma akwai duwatsu masu ramuka-ramuka. Abokinsa ne ya ba shi su tun ranar da ya fara kiwon, ya ciro su daga nasa akwatin a jiƙe, ya kawo masa a bokiti. Duwatsun ba su da kyan gani ko kaɗan. Sun yi duhu, wani wuri kore, wani wuri ja-ja, ga santsi kamar dutsen bakin rijiya.

Mutumin yana ƙaunar kifayen nan ƙwarai. Akwai ɗaya a cikinsu mai launin lemo da farin zane, shi ne ya fi daɗewa. Idan mutumin ya dawo daga aiki ya sa yatsa a jikin gilashin, sai kifin ya taso ya bi yatsan duk inda ya nufa. Shekaru suka yi ta wucewa, ruwa garau, ba wanda ya mutu.

Matarsa takan ce masa, "Baban yara, kifin da ba ya shiga tukunya shi ne ya sami wuri a ɗaki, ni kuma buhun garina yana waje?"

Shi kuwa sai ya ce, "Ki bari mu gina namu, za ki sha kallo."

Ana nan, Allah ya buɗa masa, ya gina gida mai babban falo. Da ya tsaya a tsakiyar falon ya dubi bango, sai ya ce a ransa, "Ƙaramin akwatin nan abin dariya zai zama a nan." Ya tashi ya tafi shagon masu sayar da irin waɗannan kaya. Aka nuna masa wanda ya ninka nasa, ya taɓe baki. Aka nuna masa wanda ya fi wannan, ya girgiza kai. Can a ƙuryar shago ya hango wani wanda babban mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa.

Ya ce, "Wancan fa?"

Mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan ai na manya ne."

Ya ce, "To ni yaro ka gani? A fito da shi."

Majiya ƙarfi suka ɗauko akwatin suka girke a falo, ya cinye bango guda.

To, mutumin ya riga ya sa ranar keɓe gida, wato ranar da fasto da dattawa da matan zumunta za su zo a yi addu'a a miƙa gidan ga Allah, a ci a sha. Ranar kuwa ta matso. Kun san yadda muke yi idan za mu shiga sabon gida, ba a shiga da datti. Tukwane a goge bayansu har su yi ƙyalli, labule a wanke, kujeru a fitar a kakkaɓe. Mutumin ya ciro duwatsun nan daga ƙaramin akwati, ya ɗaga su a rana ya duba, ya ce, "Wannan ƙazanta ba za ta shiga gidana ba. Fasto ya gani ya ce me?"

Ya samo garin sabulu da soson ƙarfe, ya zauna a bakin famfo shi da kansa. Ya dirje su ɗaya bayan ɗaya, ya bi ramukan da tsinke, ya ɗauraye, ya shanya a rana har suka bushe suka yi fari fat kamar alli. Matarsa ta zo wucewa ta ce, "Iye! Ashe ka iya wanki haka, shi ne kake bar mini ni kaɗai?" Ya yi dariya, ya ji daɗin yabon.

Ya jera fararen duwatsu a babban akwati, ya dama sabon ruwa da sabon gishiri, tsohon ruwan kuma ya zubar a kwata. Da ya saki kifayensa a ciki, sai suka ɓace a faɗin wurin kamar ba kowa. Ya koma shago ya sayo waɗansu da yawa, ja da shuɗi da rawaya, ya juye su duka a rana ɗaya.

Ranar keɓe gida jama'a suka cika falo. Fasto yana addu'a, yara sun rufe ido ɗaya suna leƙen kifi da ɗayan. Da aka ce amin, wani dattijo ya ce, "Kai! Teku ka ɗauko mana sukutum?" Mata suka yi guɗa, kowa ya ɗauki hoto. Mutumin ya yi farin ciki a ranar kamar ba zai ƙare ba.

Bayan 'yan kwanaki ruwan ya fara gurɓacewa, ya koma kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Murjanin ya tsuke ya ƙi buɗewa. Kifayen suka taru a sama suna haki. Mutumin ya ce yunwa ce, ya ƙara musu abinci, abin ya ƙara lalacewa. Suka fara mutuwa. Kowace safiya sai ya tsamo waɗanda suka taso, ya kai bayan katanga ya binne kafin yara su tashi.

Abokin nan nasa ya yi tafiya lokacin bikin. Da ya dawo ya zo yin barka. Ya tsaya a gaban akwatin, ya sunkuya ya sansana ruwan, ya ce, "Ina duwatsun da na ba ka?"

Mutumin ya ce, "Ga su nan a gabanka. Ba ka gane su ba ko? Ni na wanke su da hannuna."

"Da me?"

"Da sabulu mana, da soson ƙarfe."

Abokin ya nemi kujera ya zauna. Ya ce, "Wayyo, ɗan'uwana. Har da laifina, ban taɓa gaya maka ba, na ɗauka ka sani. Abin da ka kankare ba datti ba ne. A ramukan nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke cinye ƙazantar kifi su gyara ruwa. Duk shekarun nan su suke riƙe maka da kifinka. Sabon akwati kuwa, komai girmansa, sai an sa masa tsohon dutse a jiƙe, a bar shi makonni har ruwan ya nuna, sa'an nan a riƙa sa kifi kaɗan-kaɗan."

Mutumin ya ce, "To yanzu fa?"

Abokin ya leƙa ya ga saura uku, har da mai bin yatsa. Ya ce, "Ba ni su yanzun nan in kai nawa tsohon akwatin su zauna. Zan kawo maka dutse ɗaya daga nawa ka sa a nan. Idan ruwanka ya nuna, ka zo ka ɗauki abinka."

Mutumin ya dubi akwatin da ya cinye bango. Ya ce, "Surukaina za su zo ran Asabar musamman don su gani. Duk gari an ga hoto. In nuna musu ruwa da dutse? Bari su zo su tafi tukuna."

Abokin ya ce, "Kifi fa bai san da zuwan surukanka ba."

Amma mutumin ya ƙi.

Kafin Asabar ta zo, kifi biyu suka mutu, ɗaya daga cikinsu mai bin yatsa ne. Da safe ya same shi a kwance a bayan wani farin dutse. Ya sa yatsansa a jikin gilashin duk da haka, ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya ɗauko bokiti ya sa ɗayan da ya rage, ya kai wa abokinsa, ko karyawa bai yi ba.

Surukai suka zo suka tarar da babban akwati, da ruwa, da baƙin dutse guda a tsakiyar farare. Suka ce, "Ina kifin da ake ta ba mu labari?"

Ya ce, "Na yi gaggawa."

To, ga ma'anar misalin nan, iyakar yadda Allah ya ba ni ganewa.

Babban akwatin shi ne sabuwar albarka, ko gida, ko aiki, ko makaranta mai kyau, ko ƙarin girma. Ba laifi ba ne mutum ya so ta. Allah ba ya baƙin ciki da ci gaban 'ya'yansa, shi ne ma mai bayarwa. Kifayen kuwa su ne rayukan da aka ba mu amana, waɗanda ba su ne suka zaɓi tashi ba, mu ne muka ɗauke su muka juye a sabon wuri.

Duwatsun nan marasa kyan gani su ne nake so mu daɗe a kansu. Su ne mutane da ƙananan abubuwa da suke riƙe da mu shekara da shekaru ba mu sani ba. Tsohuwar maƙwabciya mai yawan faɗa, wadda idan ba ta ga yaronka ya fito da safe ba sai ta buga ƙofa. Addu'ar safe da kuke yi a kan tabarma ɗaya, ba don kun fi kowa tsoron Allah ba, sai don ɗakin ke nan. Ƙaramin coci mai rufin kwano, inda idan ana ruwa ba a jin wa'azi, amma kowa ya san sunanka da na kakarka. Ba wanda yake ɗaukar hoton irin waɗannan abubuwa. Ranar da aka sami buɗi, su ake fara kankarewa, domin a idonmu sun yi kama da wahalar da muka baro.

Ku lura kuma, mutumin nan ba mugu ba ne. Yana son kifinsa, domin su ma ya sayi babban akwatin. Da hannunsa ya yi wankin, yana murna. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a misalin, mutum ya yi ɓarna yana ganin gyara yake yi. Ɓarnar farko rashin sani ce, Allah kuwa mai jinƙai ne ga marar sani. Amma ta biyu da saninsa ya yi, ranar da aka nuna masa mafita ya ce sai surukai sun zo sun tafi. Ya ɗora abin da mutane za su ce a kan ran da yake hannunsa.

Ga yara, ku ce musu: idan Allah ya kai ku sabuwar makaranta ko sabuwar unguwa, kada ku raina kakarku don ba ta jin Turanci, kada ku wuce tsohon abokinku don takalminsa ya tsinke. Idan kuma an nuna muku kuskure yau, ku gyara yau. Wannan ya ishe su.

Amma ku manya ne, bari in gaya muku yadda misalin nan ya shafe ni.

Gidan da muka bari a Tudun Wada irin mai ɗakuna a jere ne, famfo ɗaya, banɗaki sai an bi layi. Ba taron zumunta da ban roƙi a yi mini addu'a Allah ya fitar da mu ba, kuma ya amsa. A gidan aka haifi Liyatu, yanzu shekararta sha huɗu. A ɗakin da yake kusa da ƙofa akwai wata tsohuwa, Kaka Bilhatu, mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Ba danginmu ba ce. Amma ita ta goya Liyatu lokacin da nake fita kasuwa, ita ta koya mata kitso da waƙoƙin sujada, rabin kwanan yarinyar nan a ɗakinta ne. Tare da yaran gidan take zuwa makaranta, tare suke zuwa koyon waƙa.

A sabon gida Liyatu tana da ɗaki nata ita kaɗai, ga katanga, ga ƙofar ƙarfe. Yayanta Habila yana makarantar kwana. Babanta yana fita da sassafe, ni ina shago sai yamma. Maƙwabta kowa ya kulle gidansa. Cocin da muke zuwa yanzu babba ne mai kyau, da Turanci ake komai, ana tashi kowa ya nufi motarsa. Da ta ce in bar ta ta riƙa zuwa Tudun Wada ran Asabar, na ce, "Me kika manta a can?" Ni a ganina hutu na sama mata.

Makon jiya sai ga Kaka Bilhatu, mota biyu ta hau kafin ta iso, da ƙosai a leda. Ta zaga gidan ta sa albarka. Ta dubi Liyatu sama da ƙasa, sa'an nan ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Afiniki, wannan ba yarinyar da na ba ki ba ce. Me kuke ba ta, iska?"

Na ce, "Mama, ga abinci nan, ita ce ba ta ci."

Ta ce, "Wa zai ci abinci shi kaɗai kamar mai takaba? Ki ba ni ita ta yi zangon karatun nan a wurina, makarantarta ma ta fi kusa da ni. Ran Jumma'a ta dawo muku, har ta saba a hankali."

Na ce, "To ke ki dawo nan mana, Mama, ga ɗaki a banza."

Ta yi dariya ta ce, "In sayar wa wa da ƙosai? Katanga?"

Da na gaya wa maigida, ya ajiye cokali ya ce, "Maman Liyatu, ki ji bakinki fa. Mun gina gida da ɗakuna, sai mu mai da 'yarmu ɗaki ɗaya ta kwana a tabarma? Dattawan da suka zo keɓe gidan nan su ji su ce me? Za ta saba. Yara suna sabawa." Daga baya ya ce shi ya faɗi nasa, sauran ya rage nawa, amma kada in zo ina masa kuka.

Kada ku ga laifinsa. Maigidan nawa da kansa ya ɗauki bulo a ginin nan, ɗakin Liyatu shi ya fara shafa wa fenti, launin da take so. Kuma ni ma ina da nawa tsoron, wanda ba na kunya ba ne. Yaro ba kifi ba ne da za a sa a bokiti a kai ajiya. Kaka Bilhatu ta tsufa, idonta ya rage gani, yarinya kuma ta fara zama budurwa, ga samarin unguwa a bakin titi. Idan wani abu ya same ta a can, da wane baki zan yi magana? Idan kuma ta tafi ta ji daɗi, yaushe gidan ubanta zai zama gida a wurinta? Amma idan na riƙe ta, ina kallonta tana ƙarewa a gabana kullum, ina cewa za ta saba.

Jiya ina share ɗakinta, tsintsiya ta taɓa wani abu a ƙarƙashin gado. Na jawo, jakarta ce, an shirya kaya tsaf, har da kayan makaranta a ninke. Ba wanda ya gaya mata komai, ashe ta ji maganarmu. Ina durƙushe a wurin ta shigo. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "Mama, idan Baba zai ji kunya, ba sai na tafi ba. Zan iya zama."

Ta karɓi jakar a hannuna ta fara fitar da kayan tana mayarwa a sif, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuka ba. Ni ce na fita waje na yi.

Ran Litinin ake komawa makaranta, Kaka Bilhatu kuma tana jiran amsata ran Lahadi bayan sujada. Na yi addu'a, har yanzu zuciyata biyu. Ku iyaye ne kamar ni, waɗansunku sun riga ni aurar da 'ya'ya. Don Allah ku same ni kafin a shiga aji, ko ku aiko ta hannun shugabanmu, ku gaya mini gaskiya ba don ku faranta mini ba. In sake ta ta tafi wurin tsohuwar nan, ko in riƙe ta a gidan ubanta? Idan 'yarku ce, yaya za ku yi?